Shekarar da Na Sha Tawadar Buhu

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Na ji a wajen bikin bara wasu cikinku suna raɗa wai Gwaggo Tabawa muguwar tsohuwa ce, wai ita ta ɗura wa ubanku guba a Kurfi. Wanda ya fara yaɗa wannan zance ba ya cikin zauren da abin ya faru. Ni kuwa ina ciki, har ma na fi kowa zama a ciki. Tsohuwar ta daɗe da komawa ga Ubangijinta, ba ta da bakin kare kanta, ni kuma nawa bakin saura haƙori huɗu, don haka bari in mori waɗanda suka rage.

Aji uku na yi a elementare, sannan gona ta kira ni. Abin da na fito da shi ba ya da yawa: ina karanta Hausar boko in an rubuta ta da manyan baƙaƙe, ina ƙirga har dubu, kuma na iya cewa "yassa" da ƙarfi kamar soja. Amma a unguwarmu ta Dutsin-Ma a wancan zamani, lokacin da ake ta zancen Turawa sun kusa tafiya, wannan ya ishi mutum a kira shi Akawu. Aka kuwa kira ni, na amsa, har sunan ya danne wanda aka raɗa mini. Wasiƙa in ta zo unguwa, gidanmu ake kawo ta. In da Hausa ce in karanta. In da Turanci ce in ƙura mata ido na ɗan lokaci, in gyaɗa kai, in yi gyaran murya, in ce gaisuwa ce, kowa lafiya. Allah kaɗai ya san yawan rasuwa da haihuwa da na mayar gaisuwa a shekarun nan. Ina neman gafarar masu su.

Da kakar auduga ta wannan shekara aka ɗauke ni aiki a fuloti, wato filin da ake awon auduga ana ɗura ta a buhuna. Aikina buga lamba. Akwai wani farantin ƙarfe da aka huda shi da siffar lambobi, sai in ɗora shi a jikin buhu in shafa tawada da burushi, in ɗaga, lamba ta fito raɗam. Tawadar a gwangwani take zuwa, baƙa ce mai ɗan shuni-shuni, tana sheƙi kamar bayan buzuzu, tana da wani wari mai kama da na kananzir amma ya fi shi hawa kai. An yi ta ne don kada ruwa ya wanke ta ko da buhu ya kwana a waje. A jikin gwangwanin an manna wata jar takarda mai layi shida na ƙananan baƙaƙen Turanci, a samansu kuma an zana ƙoƙon kan mutum yana washe haƙora, da ƙasusuwa biyu a gicciye ƙarƙashinsa.

To, ku yaran yanzu sai ku ce ai ko akuya ta ga wannan ta san abin da ake nufi. Ku dakata. A lokacinmu kayan kanti da hotonsu ake kiransu. Ashana mai zakara, shunin wanki mai tauraro, sabulu mai raƙumi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya haɗa raƙumi da wanki. Saboda haka ran da leburorin fuloti suka kewaye gwangwanin, wani cikinsu ya ce:

"Akawu, wanga kan gawa fa, na mi ne?"

Ban ko ƙifta ido ba na ce masa, "Tambarin kamfani ne. Nufinsu kayan masu aiki da kai ne, ba na masu ɗaukar buhu ba."

Suka yi dariya, suka ce lallai boko ya yi rana. Ni ma tun ina faɗa don in rufe bakinsu har na zo na yarda da kaina.

Babban akawun fulotin wani mutumin Zariya ne mai gilashi, wanda maganarsa ba ta wuce ta awo. Da kasuwa ta fara ja baya, ya miƙo mini gwangwanin da sauran tawada kamar rabin moɗa a gindinsa.

"Ka haƙa rami bayan fuloti ka binne shi. Ka dai karanta abin da ke jikinsa ko?"

Na ce, "Yassa!"

Da mutumin nan ya ƙara ko da kalma ɗaya da ya huce mini wahala, amma ya ɗauka da mai ilimi yake magana, kuma ni na sa shi ya ɗauka hakan. Na tafi bayan fuloti ina tunanin almubazzarancin Turawa. Tawada mai kyau haka a binne ta kamar mushe? A lokacin uwarku Hajara tana Kurfi gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki, cikin fari, watan haihuwa ya kama. Mahaifinta Malam Iro, kakanku, malami ne mai rubutu, idonsa kuma ya fara rauni, na taɓa jin yana kukan cewa tawadarsa dishi-dishi yake ganinta a kan allo. Sauran surukansa goro suke kai masa, wanda ya yi ƙoƙari ya haɗa da sukari. Na ce ni zan kai masa abin da ba wanda ya taɓa kaiwa. Na juye tawadar a wata kwalba mai tsabta, na binne gwangwanin yadda aka ce, don ni mutum ne mai bin umarni. Takardar kuwa na ɓamɓare ta a hankali na ninke na cusa cikin hulata. Na san Malam ba zai bar hoto ya zauna masa a zaure ba, ni kuma zuciyata ba ta ba ni in binne Turanci mai kyau haka ba.

Da hantsi na isa Kurfi a kan keken aro. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure, muka gaisa kaina a ƙasa yadda suruki ke yi. Na tura kwalbar gabansa. Malam ya wanke kurtunsa, wato ɗan ƙoƙon da yake zuba tawada, ya tsiyaya tawa, ya tsoma alƙalami ya ja layi ɗaya a kan allo. Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta yi haske.

"Kai, madalla! Wagga ko makaho ya gan ta. Allah shi yi maka albarka. Dama yau nake son in yi ma yarinyar rubutun sauƙin haihuwa, da ita za mu fara."

Kun san rubutun sha: a rubuta ayoyi a allo, a wanke a ƙoƙo, mai buƙata ya sha. Tawadar da aka saba yi da ita gawayin aduwa ne da ƙaro, abin da cikin ɗan Adam ya sani tun kaka da kakanni. Zan yi ƙarya in na ce wani tunani bai zo mini ba a lokacin. Ya zo, ya ɗan sauka a goshina, na kore shi da hannu. Surukina ya sa mini albarka a karon farko da murya mai ƙarfi, sai in ce masa ya dakata?

Ya cika allon gaba da baya, ya bari ya sha iska, sannan ya ɗauko ruwa zai wanke. Rubutu ya ce bai san zancen ba. Ya cuɗa da tafin hannu, ko gezau. Ya aika cikin gida aka kawo ruwan ɗumi, ya yi ta gurzawa har gumi ya keto masa, sai ruwan ya rine ya koma kalar shuni mai duhu, wani maiƙo-maiƙo yana yawo a samansa, ayoyin kuwa suna nan daram a kan allo kamar yanzu aka rubuta. Malam ya dubi yatsunsa da suka rine, ya dube ni.

Na ce, "Alamar ƙarfinta ke nan, Malam."

Sai ga Gwaggo Tabawa ta leƙo daga ƙofar cikin gida don ta karɓi ƙoƙon ta kai wa Hajara. Yayar Malam ce uwa ɗaya uba ɗaya, ungozomar unguwar, gajeruwa, kullum da taba gari a leɓenta. Ko alif ba ta sani ba, amma rabin mutanen unguwar a hannunta suka fara kuka, don haka ba ta jin nauyin rawanin kowa. Ta karɓi ƙoƙon, ta kai shi hanci, ta tsaya cik.

"Iro, mi ne wannan?"

"Rubutun ɗiyarki ne, Yaya."

"Rubutu na san shi, tun kana tsallen kwaɗo nake ba mata shi. Wanga warin fitila yake."

"Tawadar Turawa ce, mijinta ya kawo mani."

Ta shigo zauren gaba ɗaya, ta sunkuya ta leƙa kurtun.

"Kullum kana faɗa da ƙuda a bakin kurtun nan saboda zaƙin ƙaro. Yau ina suka tafi? Biki aka gayyace su?"

Muka duba. Ƙudaje suna nan a kan tabarma, suna kan ƙafata, amma ko ɗaya bai kusanci kurtun ba. Ran Malam ya ɓaci, ba don ƙudan ba, don a gaban suruki ake ja da shi.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Ayoyi ne a cikin ƙoƙon nan. Ba a ƙin su, ba a kuma watsar da su a ƙasa."

"Ayoyin ga su can a allonka sun ƙi saukowa, sun fi mu hankali."

Daga bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida sai muka ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa. Uwarku ce, ashe tana tsaye tun ɗazu.

"Gwaggo, ki kawo in sha, ba komi."

Hannunta ma ya ɓullo ta gefen zanar. Ina so ku riƙe wannan hoton: hannun uwarku a miƙe, yayarku babba, wadda har yau ba na kama sunanta, tana cikin cikinta saura kwanaki, ƙoƙon kuma taku biyu tsakaninsa da hannun. Gwaggo ta ja da baya da shi, ta juyo kaina. Ta ajiye surukuta gefe kamar tsohon takalmi.

"Kai, mai karatu. Ina mazubinta na asali?"

Nan ne na ga damar nuna kaina. Na cire hula, na zaro jar takardar, na warware ta na miƙa da hannu biyu. Ta riƙe ta kai a ƙasa, sannan ta juya ta daidai, suka haɗa ido da mai washe haƙora.

"Wanga fa?"

"Tambarin kamfani ne, Gwaggo."

"In ka je gonar mutum ka tarar ya kafa ƙashin kan jaki bisa sanda, cewa yake bismilla shigo ka ɗiba? Karanta mani rubutun. Da Hausa, sannu-sannu, ni tsohuwa ce."

Na karɓa na duba. Baƙaƙen duk na san su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda za ka shiga kasuwar wani gari ka ga fuskoki irin na mutane amma ba ka san sunan kowa ba. Malam yana kallona. Matata tana saurare. Na yi gyaran muryar nan tawa.

"Cewa suka yi tawada ce mai kyau, a ajiye ta a inuwa."

"Layi shida duk a kan inuwa? Ba inda suka ce kada a sha?"

"Babu."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta durƙusa ta ajiye ƙoƙon a kan buzun Malam a hankali, ko ɗigo bai zuba ba.

"Ɗiyata ba ta sha. In kun matsa, a kai takardar nan Dutsin-Ma a nemo wanda ya fi shi karatu shi faɗa mana gaskiya."

To ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Ba ta miƙo mini ba. Ba ta ce in sha ba. Abin da ta faɗa ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Amma "wanda ya fi shi karatu" ɗin nan ya shige ni kamar ƙaya. Na hango takardar tana yawo a Dutsin-Ma, na hango mutumin Zariya yana cire gilashi, na hango leburorin fuloti. Kafin kowa ya ankara na sure ƙoƙon na kafa kai. Na yi kurɓa uku manya kafin Gwaggo ta cafke mini wuyan hannu, da ɗaya hannun kuma ta tallafe ƙoƙon don kada ya kife. Malam yana ta salati. Ni kuwa na goge baki, maƙogwarona yana ci da wuta, na gyara zama na ce:

"Kun gani? Lafiya lau."

Lafiyar ta kai ni har kiran azahar. Da na miƙe zan yi alwala sai zauren ya karkata gefe ɗaya, kaina ya yi kamar ana daka a ciki, amai ya biyo baya. An ce leɓena da farcena sun koma kamar na mai aikin marina. Maza suka tsaya shawarar ko a nemo jaki ko a jira la'asar, Gwaggo kuwa ta yafa mayafi ta fita ta tsaya tsakiyar hanya, ta tare wata motar auduga da ta nufi Dutsin-Ma. Direba ya yi ta zagi, ta ce masa in ya gama ya sauko ya kama ƙafa. A cikin wannan ruɗani ita kaɗai ta tuna da jar takardar. Ta tsince ta a ƙasa ta ƙulle a bakin zanenta.

A ɗakin shan magani, malamin da ke wurin ya dube ni ya ce me na ci. Gwaggo ta kwance ƙullin ta miƙa masa. Ya karanta, ya sake dubana.

"Wa ya ba shi wannan?"

"Shi ya ba kanshi. Ɗana, faɗa mani da Hausa abin da ke ciki, yau tun safe nake nema."

Ina kwance ina jinsa kamar daga cikin rijiya. Ya ce an rubuta guba ce, kada a sha, kada ta taɓa baki ko ido, a nisanta ta da yara da abinci, in kuma tsautsayi ya sa an sha a garzaya wurin likita tare da takardar. Ya ce ba don takardar ba da lalube zai yi ta yi a kaina har lokaci ya ƙure. Da Gwaggo ta gaya masa wadda aka yi nufin ba wa tun farko, sai ya zauna a kan benci ya riƙe kai.

Kwana tara na yi a kwance. A rana ta huɗu uwarku ta sauka, Gwaggo ce ta karɓi haihuwar, kashegari kuma ta sake hawo mota da kunun kanwa a ƙwarya ta kawo mini albishir, ta haɗa da cewa jaririyar ta fi ni wayo don ita ta san abin da ake sha. Na je suna ina dafa bango. Aikin fuloti ya tafi, ba a kuma sake kawo wasiƙa gidanmu ba. Cikina bai ƙara komawa daidai ba, shi ya sa kuka taso kuka ga ba na cin yaji. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Malam Iro. Ya haƙa rami a wuri mai tsarki ya zuba sauran ruwan, ya binne kwalbar da kurtun, allon kuwa ya rataye shi a zaure da ayoyinsa, bai sake rubutu a kansa ba. Na jira faɗa, na shirya masa, bai zo ba. Abin da ya ce mini kawai, ranar suna bayan mutane sun watse:

"Allah ya rufa mana asiri, ni da kai."

Ya ɗauki rabin laifina ya aza a kansa, alhali shi ba abin da ya yi sai yarda da ni. Daga nan har ya rasu, duk zuwan da zan yi Kurfi da ƙaro nake zuwa, in zauna bakin zaure in daka masa gawayi.

Shi ya sa kuke gani ina tsare jikoki da bincike, ina kwashe kananzir daga kwalbar lemo, ina faɗa in na ga maganin ɓera kusa da gishiri ko an yage takardar jikin wani abu. Na san kuna ce mini sufeto a bayan idona. Ku ce. In rubutun ya fi ƙarfina yanzu, jikata nake kira ta karanta mini, a gaban ko wane ne. Ku kuma duk wanda zai ambaci Gwaggo Tabawa ya haɗa da addu'a, don ba don hancinta da taurin kanta ba, da babu ɗayanku da zai zauna yana karanta wannan.

Amma kada ku ɗauka kwana tara sun gama gyara ni. Da uwarku ta gama wankan jego ta dawo ɗakinta, wata rana da yamma tana zaune tana tsince shinkafa, jaririya a cinyarta, na zo na tsaya a kanta. Na kwana biyu ina gyara labarin a raina har ya fara yi mini kyau.

"Kin san dai ba don na sha ba, ke za ki sha."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Da na sha."

"Ba ki ji warin ba?"

"Tun daga tsakar gida na ji shi."

"To don mi kika miƙo hannu?"

"Don kada ka ji kunya gaban Baba."

Mai hankali a nan zai yi shiru ya nemi wuri ya zauna. Ni sai na gyara hula.

"To kin gani. Ke nan a madadinki na sha. In yarinyar nan ta girma sai ki gaya mata irin uban da Allah ya ba ta."

Sai a lokacin ta ɗago, ta dube ni sama da ƙasa.

"A madadin wa? Ni Gwaggo ta riga ta hana ni. Kai dai abu biyu aka ajiye maka, guba da 'ban sani ba', ka duba ka ga gubar ta fi maka sauƙin haɗiya."